Ziyara Zangon Kumasi: Filin Ƙwallo da Shekarun 'Ya'yanmu



Hausawa sun ce gani ya kori ji. A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 2022 Allah ya nufe mu da tafiya Kumasi ta ƙasar Gana, domin sada zumunci da kawunmu, wan mahaifiyarmu. Kakanmu na wajen uwa ya bar Maradi yana saurayi, ya bi fataken goro, ya sauka a Zangon Kumasi, can ya yi aure, can kuma aka rufe shi. Mun bi ta Gaya da Kwatano da Lome, muka tsallaka iyaka a Aflao, muka kwana Ankara, washegari muka hau mota muka yi tafiyar kilomita kamar 250 cikin daji mai duhu da gonakin koko. Ziyara ce ta kai mu, amma abin da muka dawo da shi ya shafi kowane gida mai ɗa namiji, shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta shi.

Ranar da muka sauka

Mun isa tashar Kejetia ranar Litinin 28 ga Nuwamba da azahar, muka tarar da kasuwar da ake ba da labarin cinkosonta ta yi sako-sako. Dalili kuwa Gana tana karawa da Koriya ta Kudu a gasar kofin duniya ta Katar. Motar da ta ɗauke mu zuwa Aboabo tana tafe direba yana kunne ga rediyo, duk rumfar da muka wuce mutane sun yi dafifi gaban talabijin. Gana ta ci uku, Koriya ta ci biyu. Wanda ya fara jefa ƙwallo a raga shi ne Mohammed Salisu, haifaffen Kumasi, sauran biyun kuwa Mohammed Kudus ne ya ci su, ɗan unguwar Nima ta Ankara. Da aka busa usur na ƙarshe yara suka fantsamo kan titi da gwangwanaye da tuta, har sai da muka sauka muka ƙarasa gida a ƙasa.

Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka Zango unguwa guda ce. Unguwanni ne da yawa da suka jeru gabas da arewacin tsakiyar gari: Alabar da Akwatia Line da Yalwa da Sabon Zango da Asawase da Aboabo da Sawaba, ga kuma na Tafo da Ayigya can gaba. Musulmi sun daɗe a Kumasi, tun farkon ƙarni na 19 akwai malamai a fadar Sarkin Asante. Amma cikar Zango ta zo ne bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, wanda ya watsa babbar kasuwar goro, da shigowar Turawan Ingila garin a 1896, da isowar jirgin ƙasa a 1903. Yau a lungu guda za ka sami Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Mosi da Dagomba da Wangara da Kotokoli, kowa da harshen gidansu, amma Hausa ce ta haɗa su a masallaci da kasuwa. Da safe ana karyawa da koko da ƙosai kamar gida, shinkafa da wake kuwa har sunanta ya bi bakin mutanen ƙasar, suna ce mata wace.

Filin bayan makaranta

Kawu yana da jika ɗan shekara 16, yaro siriri mai kunya, yana ajin farko na babbar sakandare. Kwana biyu da saukarmu ya roƙe mu mu raka shi wurin horo bayan la'asar. Filin na wata makarantar firamare ce, jar ƙasa ba ko tsiron ciyawa, gefe guda kwata, gefe guda katanga, ga hazon hunturu ya fara sauka. Mun yi zaton za mu ga irin tamaular lungu da muka saba, wadda babba da yaro ke ruguntsumi tare. Sai muka tarar an raba filin uku, kowane kashi da rukuninsa.

Mai horar da su dattijo ne, tela ne da safe, ya ce mana ya haura shekara ashirin yana wannan aiki ba albashi. Shi ya bayyana mana tsarin da mutanen Gana ke kira kolts, wato ƙungiyoyin yara na unguwa da ke ƙarƙashin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Rukuni uku ne: 'yan ƙasa da shekara 13, da 'yan ƙasa da 15, da 'yan ƙasa da 17. Masu karatu na Nijar za su gane abin, domin shi ne muke kira da Faransanci benjamins da minimes da cadets. Ƙananan ana koya musu tsayar da ƙwallo da miƙa ta, ba a matsa musu da gudu. Na tsakiya ana koya wa kowa gurbinsa a fili. Manyan kuwa ana ba su horon ƙarfi da dabara, domin daga nan ƙofa take buɗewa ko ta rufe.

Ban da rabon shekaru akwai matakan gasa. Ƙungiyoyi suna karawa a gunduma, zakaru su haɗu a matakin jiha, a tsamo fitattu su wakilci jihar Ashanti a gasar jihohi, daga can masu zaɓen 'yan wasan ƙasa na Black Starlets su ɗauki nasu. Wanda ya wuce 17 sai ya nemi gurbi wurin manya: rukuni na uku a gunduma, na biyu a jiha, na ɗaya mai ƙungiyoyi 48 a shiyya uku, sa'an nan babbar gasa mai ƙungiyoyi 18. A gefe kuma akwai makarantun ƙwallo masu kwana, irin su Right to Dream da Tom Vernon ya kafa a 1999, inda ake haɗa horo da karatu. Kudus ya fara ne a kolts ta Nima, ya shiga wannan makaranta, ya tafi Denmak a 2018, Ajax ta saye shi a 2020, ya koma Ingila a 2023.

Muka tambayi dattijon abin da yake samu. Ya yi dariya, ya ce kuɗin ƙwallo da na motar zuwa wasa daga keken ɗinkinsa suke fitowa. Fatansa guda ne. A dokar hukumar ƙwallo ta duniya, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi tsakanin shekara 12 da 23. Saboda haka rajistar yaro da sunansa da ranar haihuwarsa ita ce dukiyar mai ƙungiya. Ya kuma ba mu labarin wuyar da suka sha lokacin da aka dakatar da ƙwallo a ƙasar a 2018, bayan fallasar cin hanci da ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya yi, ba su gama farfaɗowa ba annobar 2020 ta sake rufe filaye.

Garin da ya haifi gwanaye

Ba banza yaran Zango ke mafarki ba. Babban filin wasa na Kumasi, mai ɗaukar mutum kamar dubu 40, sunan ɗan garin yake ɗauke da shi: Baba Yara, wanda sunansa na yanka Usman Seidu. Ya yi fice a Asante Kotoko, ya yi haɗarin mota a Kpeve a 1963 wanda ya kwantar da shi, ya rasu a 1969. Bayansa ga Karim Abdul Razak, wanda ya fito daga Cornerstones ya koma Kotoko, ya ci kofin Afirka da Gana a 1978, a shekarar kuma aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan nahiyar. Ga ƙungiyar King Faisal ta Alhaji Karim Grusah, wadda ta soma da tara yara, ta raini Ibrahim Tanko da ya tafi Borussia Dortmund, da Samuel Osei Kuffour da ya ci kofin zakarun Turai da Bayern Munich a 2001. Ƙungiyar ta faɗi daga babbar gasa a 2023, amma sunanta bai gushe a bakin dattawan unguwa ba.

A matakin ƙasa Gana ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 sau biyu, a Italiya a 1991 da Ekwado a 1995, ta kuma ɗauki na 'yan ƙasa da 20 a Masar a 2009 bayan ta doke Barazil a bugun fanareti. Mu ma mun ɗanɗana hannunsu: a Indiya a 2017, zuwan Nijar na farko gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17, Gana ce ta fitar da mu da ci biyu da nema. Da muka faɗi haka a majalisar ƙofar gida, sai da aka kwana biyu ana tsokanarmu.

Saƙo daga ƙasar ƙanƙara

Wani dare ɗan Kawu da ke zaune a Toronto ta Kanada ya kira, ya turo hoton bidiyo na ɗansa mai shekara 9. Yaron sanye da hular kwano da sulke, ƙafarsa cikin takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa, yana sulɓi a kan ƙanƙara da sanda mai lanƙwasa, yana korar wani baƙin faifan roba. Wannan ita ce ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wasan da mutanen Kanada suka ɗauka kamar yadda muka ɗauki tamaula. Mutum shida ne kowane ɓangare har da mai tsaron raga.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne tsarin. Can rukunan sun fi namu yawa: 'yan ƙasa da 7, da 9, da 11, da 13, da 15, da 18. A da kowanne da laƙabinsa, amma tun kakar 2020 hukumarsu ta koma kiransu da lamba. Ƙananan ba sa wasa a cikakken fili, ana raba musu shi domin kowa ya riƙa taɓa faifan. Bangazar abokin karawa da jiki, wadda halal ce a wasan manya, tun 2013 aka hana ta ga 'yan ƙasa da 13, saboda bincike ya nuna yawan buguwar ƙwaƙwalwa da take jawowa. A kowane rukuni kuma akwai hawa-hawa: gasar unguwa wadda ake karɓar duk wanda ya zo, sa'an nan matakan zaɓe da ake kira A da AA da AAA, inda sai an gwada yaro, iyaye kuma su kashe dubban daloli a shekara wajen kaya da hayar fili da tafiye-tafiye. Ɗan'uwanmu ya ce nasa a gasar unguwa yake, aljihunsa iyakarsa ke nan.

Ya ƙara mana da wani abu da ya tsaya mana a rai. Can shekarar haihuwa ake dubawa, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba. A 1985 wani masani mai suna Roger Barnsley da abokan aikinsa suka nuna cewa a cikin manyan 'yan wasan ƙasar, haifaffun watannin farkon shekara sun fi na ƙarshenta yawa nesa ba kusa ba. Dalili shi ne, a wajen yaro ɗan shekara 9, ratar wata goma tana bayyana a tsawo da ƙarfi. Wanda ya ɗan girme sai a ɗauka ya fi gwaninta, a zaɓe shi, a ba shi horo mafi kyau, har ya zama ya fi ɗin da gaske. Muka ce a ranmu: idan watanni suna yin wannan a ƙasar da kowane jariri ke da takarda, to, ina ga shekara biyu ko uku?

Baƙon da ya zo da la'asar

Ba mu san tambayar za ta biyo mu har zaure ba. Ranar Asabar wani mutum mai tsabtar tufafi ya yi sallama da Kawu, ya ce ya ga jikansa a fili, yaron yana da ƙafar hagu mai kyau. Ya ce yana da hanyar kai shi gwaji ƙasar waje, sai dai shekara 16 ta yi yawa, masu saye sun fi son ɗanyen yaro. A yi masa sabuwar takardar haihuwa a mai da shi 14, ya koma rukunin 'yan ƙasa da 15 ya yi kaka guda yana haskawa, sa'an nan a biya kuɗin fasfo da na jirgi. Ya faɗi adadin da ya kai jarin shagon mahaifin yaron.

Kawu bai ce masa komai ba sai da ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wani tsohon littafi mai bangon fata. A ganyen ƙarshe akwai jerin sunaye da ajami, rubutun kakanmu a sama, na Kawu a ƙasa, kowane suna da rana da wata da shekarar Hijira, gefe kuma ta Miladiyya. Ya ɗora yatsa a kan sunan yaron.

Ya ce, "Alhaji, da hannuna na rubuta wannan ranar da aka yanka masa rago. Wane hannun zan sa in rubuta wani?"

Mutumin ya ce, "Baba, ai kowa haka yake yi. Wanda bai rage ba shi ake bari a baya."

Kawu ya ce, "To, a bar shi a baya. Mun gode da zuwa."

Yaron yana bakin ƙofa yana ji. Daren nan bai ci tuwo ba. Da muka same shi a soro ya ce mana, "Yaya, a rukuninmu akwai masu aske gemu kafin wasa. Ni kaɗai zan yi gaskiya?" Ba mu raina maganarsa ba, domin akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma wanda ya tsaya kan shekarunsa a irin wannan fili yana biyan farashi. Abin da muka iya gaya masa shi ne abin da za mu gaya wa masu karatu.

Na farko, ramin ƙarya ƙurarre ne. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Nijeriya a 2009 ake ɗaukar hoton wuyan hannu da na'urar MRI. Akwai wani guringuntsi a ƙarshen ƙashin hannu da ke haɗewa idan girma ya kammala, ana auna shi mataki shida, wanda ya kai na shida sai a cire shi. Gwajin ba ma'asumi ba ne, yakan faɗa kan yaro mai gaskiya da ƙashinsa ya yi saurin haɗewa, amma ya kama da yawa. Gana da kanta an hana ta zuwa gasar Afirka ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Yamai a 2015 saboda ɗan wasa guda da bai tsallake ba, aka ba Kamaru gurbinta.

Na biyu, tun 2001 dokar hukumar duniya ta hana a kai ɗan wasan da bai cika 18 ba ƙungiyar wata ƙasa, sai a wasu 'yan halaye ƙalilan, kamar idan iyayensa sun ƙaura don wani dalili da ba ƙwallo ba. Ke nan wanda aka rage wa shekara biyu an ƙara masa shekara biyu na jira. Duk dillalin da ya ce zai fitar da yaro ɗan 14, kuma ya nemi kuɗi a hannun iyaye, to a yi hattara da shi. Ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke biyan kuɗin jirgi.

Na uku, takardar ƙarya tana raba yaro da karatunsa. Wannan yaro ya riga ya rubuta jarrabawar gama ƙaramar sakandare da ranar haihuwarsa ta gaskiya, kuma tun 2017 babbar sakandaren gwamnati kyauta ce a Gana. Idan aka yi masa sabuwar rana, mutum biyu ya zama a takarda, ranar da gwiwa ta ƙi, shaidar karatun ba za ta dace da fasfo ba. A cikin yara sama da hamsin da muka gani a filin nan, sa'a ce a sami ɗaya da zai ci abinci da ƙafarsa.

Na huɗu shi ne wanda ba a cika faɗa ba. Gurbin da ɗan 16 ya shiga a rukunin 'yan ƙasa da 15, na wani yaro ne ɗan 14 na gaskiya, mai yiwuwa ɗan maƙwabci, wanda za a ajiye a benci a ce ba shi da ƙarfi, ko a karya shi a karo. Haƙƙinsa ne aka ci, ko da ba wanda ya san sunansa.

Abin da muka ɗauko

Kafin mu taso mun koma filin. Yaron ya zo, fuska ba walwala, ya shiga rukunin 'yan ƙasa da 17 inda yake. Dattijon tela ya nuna mana littafinsa na rajista, ya ce shi yanzu ba ya karɓar yaro sai da katin awon asibiti na jarirai ko takardar makaranta, kuma ranar Asabar da Lahadi ba ya sa horo sai an tashi daga makarantar allo da Islamiyya, domin da ya yi karo da malamai iyaye suka janye masa yara.

Ya ku iyaye, wannan magana ba ta Gana kaɗai ba ce. Mu ma da yawanmu takardunmu "né vers" ne, ko hukuncin kotu da aka nema bayan an girma, kuma mun san yadda ake tsara shekaru don makaranta ko aiki. Mu yi wa jariranmu rajista tun suna cikin zanen goyo, mu kuma rubuta ranar a gida kamar yadda magabata suka yi. Idan yaro yana son ƙwallo kada mu kore shi da bulala. Mu taka mu je filin, mu san mai horar da shi, mu tambayi rukunin da aka sa shi da shekarun da aka rubuta masa, mu kuma shardanta masa karatu.

Mun bar Kumasi da asuba ranar Alhamis, da huhun goro ƙarami da Kawu ya ba mu mu kai wa mahaifiya. Yaron ne ya ɗauko mana jaka har Kejetia, takalman ƙwallonsa a rataye a wuya, domin daga makaranta fili zai wuce. Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya sa su fi mu.